Ra'ayinmu: Kada mu yarda a sake mana tiya cikin dare

Duk wadda ta taɓa zama bayan tarin hatsi a kasuwar Tibiri, ko ta Gesheme, ko ta Kore Mairuwa, ta san cewa ciniki kan tiya yake tsayawa. Ana iya jayayya kan kuɗi tun hantsi har la'asar, mai saye ya taya, mai kaya ta ce albarka, amma babu wanda zai yarda a yi masa awo da tiyar da aka bubbuge wa gindi. Ranar da aka kama ma'auniya da irin wannan tiya, ranar ce kasuwarta ta mutu, ko da hatsinta ya fi na kowa kyau. Da wannan muke buɗe sharhinmu na yau, wanda zai taɓo wasu littattafan ƙagaggun labarai guda uku na Turawan Ingila. Iyayenmu mata da alhazanmu ƴan kasuwa, kada jin haka ya sa ku juya shafi, domin maganar awo ce a cikinsu, kuma babu wanda ya fi ku sanin awo.

Na farko shi ne wanda George Orwell ya fitar a 1945, Bala Abdullahi Funtua kuma ya mayar da shi Hausa a 1975 da sunan Gandun Dabbobi. Dabbobin wani gandu ne suka gaji da zaluncin mai gandun, suka kore shi, suka rubuta dokoki bakwai a jikin bango domin kada wani ya sake hawa kan wani. Aladu suka karɓi jagoranci. Sannu a hankali, duk lokacin da aladun suka taka wata doka, sai a lallaɓa cikin dare a ƙara mata ƴan kalmomi, gari na wayewa a ce ai dama haka take. Yawancin dabbobin ba su iya karatu ba, waɗanda suka iya kuma suka kama bakinsu. Dokin da ya fi kowa aiki da biyayya, da ƙarfinsa ya ƙare, sai aka sayar da shi ga masu yanka.

Na biyu ma na Orwell ne, ya fito a 1949, sunansa 1984. A nan babu dariya. Ƙasa ce mai jam'iyya ɗaya da shugaba ɗaya wanda hotonsa ke ko'ina. Ɗakunan ma'aikata duk akwai wani allo da ke ganin mutum yana kuma jin sa, ba ya kasuwa. Ana koya wa yara su kai ƙarar iyayensu, har wani bawan Allah mai tsananin biyayya ɗiyarsa ta tona shi saboda abin da ya faɗa cikin barci. Jarumin labarin ma'aikaci ne a wata ma'aikata da ake kira ta gaskiya, aikinsa kuwa shi ne gyara tsofaffin jaridu domin su dace da abin da hukuma ta faɗa yau. Akwai wani wuri da ya kamata kowace ma'auniya ta ji. An rage rabon cakulan da ake ba mutane daga giram 30 zuwa 20, washegari aka sanar cewa an yi ƙari zuwa giram 20, jama'a suka fito suna godiya.

Na uku na Aldous Huxley ne, ya fito a 1932, waɗanda suka yi lakkol sun san shi da sunansa na Faransanci, Le Meilleur des mondes. A duniyar wannan littafi ba a dukan kowa. Tun kafin a haifi mutum an tsara masa ajinsa da aikinsa, ana maimaita masa darasi a kunne yana barci har ya taso yana son matsayin da aka ajiye shi. In ransa ya ɓaci akwai wata ƙwaya da hukuma ke rabawa, yana haɗiyewa damuwa ta gushe. Ga wasanni, ga shagali, ga sababbin kaya kullum. Babu mai tambaya, domin babu wanda aka bar wa lokacin yin tunani.

Huxley ya taɓa koyar da Orwell Faransanci a makaranta. Da 1984 ya fito sai ya rubuta wa tsohon ɗalibin nasa wasiƙa, yana nuna masa cewa a ganinsa masu mulkin gaba za su gane sa mutane su so ƙangin da suke ciki ya fi dukansu sauƙi da araha. Har yau masana na gardama kan wanda ya fi hango gaskiya tsakanin malamin da ɗalibinsa. Mu a nan Arewa ba mu ga abin gardama ba, domin mun ɗanɗana bulalar, mun kuma lashi zumar.

Bulalar dai dattawanmu sun fi mu saninta. A 1959 aka haramta jam'iyyar Sawaba ta Jibo Bakari, RDA ta rage ita kaɗai har zuwa 15 ga Afrilu 1974 da soji suka kifar da Diori Hamani. Saini Kunce ya zo ana cikin yunwa, kuma gaskiya ce har gobe akwai masu yi masa addu'a saboda hatsin da ya isa ga talakka da kuma tsoron taɓa dukiyar ƙasa da ya sa wa ma'aikata. Ba mu zo share masa wannan ba. To amma waɗanda suka yi zamanin sun kuma san yadda ake waiwayawa hagu da dama kafin a ambaci sunan shugaba a tasha ko a rumfar mai shayi, saboda ƴan leƙen asirin ofishin da Amadu Umaru Bonkano ke jagoranta. Abin lura shi ne, Bonkanon da aka ɗora wa gadin bakunan jama'a shi ne ya yi yunƙurin kifar da maigidansa a watan Oktoba 1983. Ana can ana sauraren hirar talakka a kasuwa, ashe ɓarnar tana cikin fada.

Kada wani ya ce wannan halin soji ne kawai. A zamanin farar hula ne aka kama ɗan jarida Musa Kaka a watan Satumba 2007, ya shafe sama da shekara guda a tsare. A zamanin farar hula ne aka yanke intanet na wayar salula wajen kwana goma bayan zaɓen Fabrairu 2021, masu oda da aika kuɗi ta waya suka yi zaman jiran tsammani. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 kuma, an dakatar da RFI da France 24 a watan Agusta na shekarar, aka dakatar da BBC na wata uku a Disamba 2024. Dokar laifuffukan intanet ta 2019, wadda aka cire wa hukuncin ɗauri kan ɓata suna a 2022, an mayar mata da shi a watan Yuni 2024. A watan Maris 2025 aka rushe jam'iyyun siyasa baki ɗaya. Kowace gwamnati ta zo da hujjarta, wata ta ce tawaye, wata ta ce tarzoma, wata ta ce tsaron ƙasa. Mai hujjar ne ke sakewa, rufe bakin yana nan yadda yake.

Zumar kuwa mun fi jin kunyar maganarta, domin da hannunmu muka karɓa. Wa ya manta da atamfa mai hoton ɗan takara, da sabulu, da jika biyu da ake damƙa wa mata ranar gangami? An ci an sha an yi guɗa, shekara biyar ta wuce babu wanda ya tambayi inda aka kwana kan hanya ko rijiya ko maganin asibiti. Ga tramol da ya cinye mana samari, yaro ya haɗiya ya yini yana dako ba ya jin yunwa ba ya jin takaici. Ba hukuma ce ke raba shi ba kamar a littafin Huxley, amma aikin da yake yi ɗaya ne. Ga kuma waya, wadda ke iya riƙe mutum tun daga sallar isha'i har tsakar dare yana kallon raye-raye da zage-zage, bai san nawa ne kasafin kuɗin ma'aikatar magajin garinsu ba, alhali kullum kasuwa sai ya biya tikiti.

Abin da ya haɗa littattafan nan uku shi ne wanda ya fi damunmu. A cikinsu duka, mai mulki bai isa ya yi aikin shi kaɗai ba. Da ɗan gari akan ci gari. Sai an samu tumakin da za su yi ta maimaita kirari har su danne muryar mai tambaya. Sai an samu maƙwabcin da zai kai rahoto. Sai an samu mai ilimin da ya ga an sake rubutun bango ya ce ba ruwansa. Mu da ke zama gaban makirfo ba mu fita daga wannan zargi ba. Sau nawa mai sauraro ke bugo waya cikin shiri, ya fara da roƙon kada a ambaci sunansa, alhali abin da zai faɗa bai wuce tsadar shinkafa ba? Sau nawa mu kanmu muke katse shi da waƙa tun ba a ce mu katse ba? Wannan ita ce tiyar da aka bubbuge, kuma mu muka riƙe guduma.

Amma tarihin ƙasar nan ya nuna cewa ƴan kasuwa ba dabbobin gandu ba ne. A farkon 2005 gwamnati ta ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari kan kayan masarufi irin su fulawa da madara da sukari. A watan Maris aka yi zanga-zanga a Yamai, sannan aka rufe kasuwanni da shaguna a manyan garuruwa. An kama jagororin ƙungiyar yaƙi da tsadar rayuwa, irin su Nuhu Arzika da Musa Cangari, amma kafin ƙarshen Afrilu an sake su, an kuma janye harajin daga wasu kayayyakin. A watan Agusta na wannan shekarar Shugaba Tanja Mamadu ya shaida wa BBC cewa babu yunwa a Nijar. Ko akwai ma'auniya ɗaya a Arewa da ta gaskata? Babu, domin ita ce ke ganin matar da a da take sayen tiya biyar ta dawo tana neman rabi. Ana iya gyara jarida, ana iya rufe rediyo, amma ba a iya gyara abin da mace ta ƙirga da hannunta ta ɗaure a bakin zane.

Mun san halin da ake ciki. Jihar Doso ba ta tsira daga ƴan bindiga ba, kuma duk wanda ya ga baƙin fuska da makami ya yi shiru, ya ci amanar garinsu. Sanar da jami'an tsaro irin wannan wajibi ne. To amma akwai tazara mai nisa tsakanin mai ɗauke da bindiga da mai ƙorafin kuɗin buhu. Wanda ya kwashi saƙon muryar abokin cinikinsa ya kai inda za a cuce shi, don kishin rumfa ko don bashin da ke tsakaninsu, ba kishin ƙasa ya yi ba, annamimanci ya yi, kuma addininmu ya riga ya faɗi makomar annamimi. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ga hukumomi kuma muna cewa, matar da ta ce hatsi ya yi tsada ba maƙiyiyar ƙasa ba ce, labari ta kawo muku kyauta, irin wanda na kusa da ku ba za su faɗa muku ba. Shugaban da ba ya jin komai sai guɗa, shi ne na ƙarshen sanin cewa rumbu ya ƙare.

Abin da muke roƙon masu karatu kaɗan ne. Ku riƙe abin da idonku ya gani, ku tuna alkawarin da aka yi muku da wanda ya yi shi da shekarar da aka yi shi, kamar yadda kuke riƙe lissafin bashi ba tare da takarda ba. In an kawo labari, ko daga rediyon gwamnati, ko daga na waje, ko ta WhatsApp, ku juya shi ku duba gindinsa kafin ku karɓa. Ku bar yaranku, musamman mata, su yi karatu, domin dabbobin gandu rashin iya karanta bango ne ya ci su. In kuma akwai ɗan lakkol a gida, a nemo masa Gandun Dabbobi ya karanta wa kowa bayan tuwon dare. Za ku yi dariya, wani wurin kuma za ku yi shiru ku dubi juna.

Allah ya ba ƙasarmu lafiya da damina mai albarka, ya ba shugabanninmu kunnen jin talakka, mu kuma ya tsare mu da tauye awo, na hatsi da na magana. Amin.