SANIN DOKA: Asirin da aka ba lauya kada ya shiga bakin na'ura

Kaka ta yi. An fara cire amfanin gona, dabbobi kuma sun fara gangarowa daga arewa. Wannan shi ne lokacin da ƙararraki ke yawa: ɓarnar gona, rikicin iyaka, toshe burtali, rabon gado. Maganar da mai gari ya kasa sasantawa, sai ta tafi wurin sarki. Wadda ta gagari sarki, sai gidan shari'a. A can ne manomi ko makiyayi ke zama gaban lauya, ko gaban mai rubuta takardun ƙara, ya kwance masa cikinsa duka.

Abin da ake gaya wa lauya ba abin wasa ba ne. Mutum yakan faɗi yawan shanunsa, da bashin da ake bin shi, da yadda gonar ta zo hannunsa, har da abin da ke tsakaninsa da matarsa ko 'yan uwansa. Yana faɗi ne don ya san lauya ya yi rantsuwa kafin ya kama aiki, kuma doka tana hukunta lauyan da ya tona asirin wanda yake karewa. Ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba.

To amma yanzu akwai wani kunne na uku da ke shiga tsakaninsu.

Mene ne wannan kunne?

A ƙarshen shekarar 2022, wani kamfani na Amurka mai suna OpenAI ya fito da wata dabara da ake kira ChatGPT. Wasu kamfanoni ma sun fito da irinta. Ana ce musu ƙirƙirarriyar basira. Mutum zai rubuta tambaya cikin salula ko kwamfuta, nan take amsa ta fito, kamar wani malami ne ya rubuta ta. Tana tsara wasiƙa, tana taƙaita doguwar takarda, tana juya Faransanci zuwa wani harshe. Shi ya sa lauyoyi da ma'aikatan ofis a ƙasashe da yawa suka kama aiki da ita.

Abin da ya kamata a gane shi ne, wannan basira ba cikin salula take zaune ba. Duk abin da aka rubuta mata, yana bin intanet ya tafi manyan kwamfutoci na kamfanin, can wata ƙasa. Ana iya ajiye shi a can. Ana iya ƙara koya wa na'urar aiki da shi, in ba a hana ba. Ita kuwa na'ura ba ta yi rantsuwa gaban kowa ba.

Abin da ya faru a wasu ƙasashe

A watan Maris na 2023, hukumar ƙasar Italiya mai kare bayanan mutane ta sa an rufe ChatGPT a ƙasar, saboda yadda ake tattara bayanan jama'a. Sai da kamfanin ya yi gyare-gyare aka buɗe shi bayan kusan wata guda.

A watan Yuli na 2024, babbar ƙungiyar lauyoyin Amurka ta fitar da jagora ga 'ya'yanta. Ta ce kafin lauya ya zuba maganar wanda yake karewa cikin na'urar da ke koyo da abin da ake ba ta, sai ya bayyana wa mutumin haɗarin da ke ciki, kuma sai mutumin ya yarda.

A watan Mayu na 2025 kuma, wata babbar jarida mai suna New York Times tana shari'a da kamfanin OpenAI. Sai kotu ta umurci kamfanin ya ajiye hirarrakin da mutane ke yi da na'urar, har da waɗanda masu su suka goge. Umurnin ya yi watanni yana aiki kafin a ɗage shi. Ashe ke nan mutum yana iya goge magana daga salularsa, alhali tana nan kwance a wani wuri. Magana zarar bunu ce.

Ban da tona asiri, na'urar tana ƙarya ba tare da ta sani ba, don aikinta shi ne jera kalmomin da suka dace da juna. A 2023, a birnin New York, wasu lauyoyi 2 sun kai wa alƙali takarda mai ɗauke da tsofaffin hukunce-hukunce 6 don kafa hujja. Da aka bincika, ba a taɓa yin ko ɗaya daga cikinsu ba. ChatGPT ce ta ƙago su. Alƙali ya ci su tarar dalar Amurka 5,000, wato wajen miliyan 3 na kuɗin sefa.

Me dokar Nijar ta ce?

Nijar ta yi dokar kare bayanan mutane tun 2017, aka sake sabuwa a watan Disamba na 2022. Akwai hukuma a Yamai da ke tsaron wannan doka, ana kiranta HAPDP. Bayanan mutum su ne sunansa, da hotonsa, da lambar salularsa, da labarin lafiyarsa, da duk abin da za a gane shi da shi. Doka ta ba kowa ikon ya san abin da aka ajiye a kansa, da dalilin ajiye shi, ya kuma sa a gyara in an yi kuskure. Ta kuma sa sharuɗɗa kafin a fitar da bayanan mutane zuwa wata ƙasa.

Dokar tana da kyau. Amma manomin da ke ƙauye, da wuya ya bi sawun maganarsa har bayan teku. Saboda haka rigakafi ya fi magani.

A ce wani makiyayi yana rikicin gado da ƙanensa. Ya gaya wa mai rubuta masa ƙara cewa akwai shanu 12 da ya ba wani amini kiwo, ba wanda ya sani. Mai rubutu, don sauri, ya zuba labarin duka cikin na'ura, da suna da gari. Daga wannan rana asirin ya bar hannun su biyun, kuma ba mai iya cewa ina zai tsaya. Ko an cire suna ma, sai a lura: a ƙaramin ƙauye, in an faɗi sunan rijiya da yawan garke, kowa ya san wanda ake nufi.

Abin da mai ƙara zai yi

1. Ya tambayi lauya ko mai rubutu tun farko: "Malam, za a sa maganata cikin na'ura?" Wannan tambaya ba rashin kunya ba ce, haƙƙinsa ne.

2. In bai yarda ba, ya faɗa a fili. In ya yarda, ya sa a cire suna, da gari, da lambar salula, da duk alamar da za ta nuna shi.

3. Kada ya bari yaron gida ya ɗauki hoton takardar gona, ko katin shaida, ko takardar likita ya tura wa na'ura don ta fassara. A kai takardar wurin mutumin da aka amince da shi.

4. Tambaya ta gaba ɗaya, irin "yaya ake ɗaukaka ƙara?", ba ta tona asirin kowa. Amma amsar ba hukunci ba ce, sai masanin doka ya duba ta.

5. Kada ya sa hannu ko ya dangwala yatsa kan takarda sai ya karanta, ko an karanta masa ya gane.

Su ma lauyoyi da masu rubutu su tuna: na'ura kayan aiki ce, kamar hauya a hannun manomi. In hauya ta sare hatsi, ba ita ake tambaya ba, mai riƙe da ita ake tambaya. Amanar da aka ba mutum tana wuyansa, ba ta komawa wuyan salula.

Wanda ya shiga ajin yaƙi da jahilci ya riga ya samu makami, don shi zai duba takardarsa da idonsa, ya ga abin da aka rubuta da sunansa.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai rai.