Sharhi: Amanar Mai Ƙunsa Manhaja



A cikin hidimomin da ake yi wa kwamfuta akwai wata wadda ba a cika ambaton ma'abotanta ba, alhali kuwa da za su yi sakaci da ita da ɓarnar ta game duniya, ita ce ƙunsa manhaja, watau mutum ya ɗauko abin da wani ya wallafa, ya gina shi, ya daidaita shi da babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura, kamar Debian wadda Ian Murdock ya assasa a 1993, har ya zamana mabuƙaci umarni guda zai bayar abin ya sauka masa.

Daga cikin manhajojin da ƙunsa su ke da wuya akwai Valgrind, wadda Julian Seward ya fitar a 2002. Kowace manhaja, in tana aiki, aron wuri take yi a ƙwaƙwalwar kwamfuta. To, idan ta ara ba ta mayar ba, ko ta ƙetare haddin abin da aka ba ta, ko ta karanta wurin da ba ta taɓa rubuta kome a cikinsa ba, Valgrind ce ke tona asirinta, domin takan ɗora ta bisa wata na'ura ta kwaikwayo ta riƙa bin diddigin kowane motsinta, abin da kan sa aiki ya yi nauyi ninki 10 zuwa 50. Saboda kusancinta da ainihin ƙirar na'ura, kowane irin injin sarrafawa sai an yi mata aiki na musamman a kansa, kuma mai ƙunsa ta a Debian lalle ne ya haɗa ta da wani ƙunshi mai suna libc6-dbg, in ba haka ba sai ta ƙi tashi. Mutanen FreeBSD, wata babbar manhajar tafiyar da na'ura, su ma sun daɗe suna yi mata faci da hannunsu kafin a shigar da aikinsu cikin asalinta a 2021.

Amma mas'alar da ta fi cancantar a tsaya a kanta ta faru ne a 2006. A waccan shekara Valgrind ta yi ta kuka da OpenSSL, manhajar da ke ƙera mabuɗan sirrin intanet, cewa tana karanta wurin da ba a rubuta kome ba. Zargin gaskiya ne, sai dai da gangan masu OpenSSL suka yi haka, suna ɗebo abin da suka tarar a wurin su ƙara cikin lambobin da ba a so kowa ya iya kintatarsu. Mai kula da ƙunshin OpenSSL a Debian, da kyakkyawar niyya, bayan ya tambayi masu abin bai kuma ji an hana shi ba, sai ya kashe layi biyu domin kukan ya lafa. Ɗaya daga cikinsu babu laifi a kashe shi. Ɗayan kuwa shi ne mashigar kusan dukkan abin da ke sa mabuɗi ya gagari mai kintace. Haka abin ya zauna, ya shiga Debian da takwararta Ubuntu, har watan Mayu na 2008 da Luciano Bello, mutumin Ajantina, ya gano shi, aka tarar mabuɗan da ke yiwuwa, ga kowane nau'i a kan kowace irin na'ura, ba su wuce 32,768 ba, adadin da ɓarawo zai jarraba duka ba tare da wahala ba. Dole aka zubar da mabuɗan da aka ƙera a tsakanin nan aka sake sababbi.

A ganina Valgrind ba ta da alhaki, gama abin da ta gani ta faɗa, kuma ba a gina ta don sanin manufar mawallafi ba. Malaman hadisi sun sharɗanta cewa mai ruwaya ba ya taƙaita matani sai in ya san tabbas abin da ya yar bai ɗauke wani ɓangare na ma'ana ba, kuma matsayin mai ƙunsa manhaja ke nan, tun da yake tsakanin mawallafi da jama'a yake zaune. Ga shi kuma Valgrind tana da hanyar da ake rubuta mata jerin koke-koken da aka bincika aka yarda ta yi shiru a kansu, ba tare da an taɓa asalin rubutu ba. Masu OpenSSL su ma ba su kuɓuta sarai ba, domin an tambaye su ba su zurfafa nazari ba.

Saboda haka, ya ku ɗalibanmu masu sha'awar shiga wannan hidima, duk wanda ya sauya ko da layi ɗaya ne a cikin rubutun wani, to ya rubuta hujjarsa, ya aika wa masu asalin da gyaran cikakke, ya kuma jira bayyananniyar amsarsu kafin ya saka shi hannun jama'a.