KL Gangster: Fim ɗin 'yan daban Malesiya da ya raba kan masu kallo, da abin da ya haɗa shi da Kannywood

A kan titin Jalan Semarak da ke birnin Kuala Lumpur makarantar horar da 'yan sandan Malesiya take, wadda ake kira Pulapol. A filinta aka saba gudanar da faretin ranar 'yan sandan ƙasar, wadda ke faɗowa 25 ga watan Maris. A kan titin ne kuma jami'ar fasaha ta UTM, wadda 'yan Najeriya da dama suka yi karatu a cikinta, take da reshenta na babban birnin. A 2014 hukuma ta sauya wa titin suna zuwa Jalan Sultan Yahya Petra, sai dai har yau bakin jama'a bai saki tsohon sunan ba.

Kuala Lumpur ɗin da gwamnati ke son duniya ta gani ke nan: kurata cikin sahu, ɗalibai da jakunkuna, dogayen benaye. Amma fim ɗin da ya ɗauki sunan birnin ya cika gidajen sinima da shi wata fuska ya nuna, ta gidajen rawa da lunguna da mutanen da ke raba gardama da adda da ƙarfe.

Sunan fim ɗin KL Gangster, wato ɗan dabar Kuala Lumpur. Ya fito a watan Yunin 2011, kuma muhawarar da ya tayar ita ce wadda ake yi a Kano a 'yan shekarun nan: shin fim ɗin daba madubi ne, ko makaranta?

Ɗan mai fim ɗin 'yan sanda

Syamsul Yusof yana da shekara 27 lokacin da fim ɗin ya shiga sinima; shi ya ba da umarninsa, ya kuma fito a matsayin mugun cikinsa, Shark. Kamfanin mahaifinsa, Yusof Haslam, mai suna Skop Productions, shi ya ɗauki nauyi. Abin da ya ƙara wa lamarin armashi shi ne mahaifin ya yi suna ne da Gerak Khas, shirin talabijin kan jaruntakar 'yan sanda da aka fara nunawa a 1999, aka kuma shafe sama da shekara 20 ana yi. Gida ɗaya ya sayar wa Malesiya ɗan sanda a matsayin gwarzo, sannan ya sayar mata ɗan daba.

Labarin ba shi da sarƙaƙiya. Malek, wanda Aaron Aziz ya fito a matsayinsa, ya fito daga kurkuku bayan shekara biyar yana neman tuba. Ƙaninsa Jai bai san komai ba sai kuɗi, duk wanda ya biya shi zai yi wa aiki. Tsoffin abokan harka kuma ba su yarda mutum ya tuba ya bar su ba.

Fim ɗin ya tara kimanin ringgit miliyan 11.7, abin da babu wani fim ɗin cikin gida da ya taɓa samu kafin lokacin.

Waɗanda suka yaba masa suna da hujja. Shekara da shekaru fina-finan soyayya da barkwanci da na fatalwa ne suka mamaye masana'antar ƙasar, matasa kuma sun koma kallon na Hong Kong da Amurka. Sai ga fim da harshen Malay wanda dambensa ya yi kama da dambe, jarumansa kuma suna magana yadda ake yi a titi, suna cakuɗa Malay da kalmomin Sinanci. Ga wannan ɓangare, cewa a hana shi daidai yake da cewa a bar wa baƙi kasuwar.

Masu suka sun kasu biyu. Wasu na ganin kwafe ne kawai na fina-finan ƙungiyoyin asiri na Hong Kong, an sauya masa riga. Wasu kuma, galibi iyaye da malaman makaranta, damuwarsu ta fi haka nauyi. Sun lura cewa yaro ba ya fitowa daga sinima yana maimaita nadamar Malek. Takun Shark yake kwaikwaya, da yadda yake ɗaga kafaɗa, da yadda yake yi wa mutane magana.

Shekarar harbe-harbe

Da abin ya tsaya a cacar baki, da an manta. Amma kashi na biyu na fim ɗin ya fito a watan Oktoban 2013, a daidai lokacin da ƙasar ke cikin zullumi. A ranar 29 ga watan Yulin shekarar aka harbe Hussain Najadi, wanda ya kafa bankin da ake kira AmBank a yau, da rana tsaka a Kuala Lumpur. Harbe-harbe suka biyo baya a wasu jihohi. A watan Agusta 'yan sanda suka ƙaddamar da samamen Ops Cantas, ma'aikatar cikin gida ƙarƙashin Ahmad Zahid Hamidi kuma ta fitar da sunayen ƙungiyoyi 49 da ta haramta, masu mambobi sama da 40,000. Kafin ƙarshen shekarar majalisa ta yi wa dokar hana aikata laifuka gyara, ta dawo da ikon tsare mutum ba tare da shari'a ba.

A irin wannan yanayi, ɗora wa fim laifi abu ne mai sauƙi. Sai dai tarihi bai goyi bayan hakan ba. Ƙungiyoyin asiri sun girmi sinima a Malesiya. Tun a ƙarni na 19 ƙungiyoyin Ghee Hin da Hai San suke gwabzawa a kan ma'adinan kuza, kuma Yap Ah Loy, wanda ake lissafawa cikin waɗanda suka gina Kuala Lumpur, jigo ne a Hai San.

Jerin sunayen da gwamnati ta fitar ya kuma tona wani abu da fim ɗin bai nuna ba. Mafi yawan mambobin 'yan asalin Indiya ne, al'ummar da ba ta kai kashi goma cikin ɗari na jama'ar ƙasar ba. Da yawansu jikokin leburorin gonakin roba ne da Turawan Ingila suka kawo, waɗanda suka rasa aiki da muhalli lokacin da aka sayar da gonakin aka gina gidaje da masana'antu. KL Gangster bai tambayi daga ina ɗan daba yake fitowa ba. Ya same shi a shirye, da mota da tabarau.

Akwai fim ɗin da ya yi wannan tambaya. Jagat, wanda Shanjhey Kumar Perumal ya shirya da harshen Tamil a 2015, ya bi wani yaro ne da makaranta ta gaza fahimtarsa, uba ya tsananta masa, 'yan uwan mahaifinsa da ke cikin daba kuma suka zama su kaɗai ke sauraronsa. Ya lashe kyautar fim mafi kyau a bikin fina-finan ƙasar na 2016, bayan taƙaddamar da aka yi kan ware shi saboda ba da Malay aka yi shi ba. A kasuwa kuwa ko kusa bai kamo ƙafar KL Gangster ba.

Maganin hukuma: a gyara ƙarshe

Hukumar tace fina-finan Malesiya, wadda ke ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, tana da ƙa'idar da ta daɗe a kai: kada a tashi fim mai laifi yana cin riba. Yadda ake aiki da ƙa'idar ya fito fili a 2016, a kan fim ɗin da masu kallon Indiya a ƙasar Hausa suka sani, wato Kabali na Rajinikanth, wanda aka ɗauki mafi yawansa a Malesiya. A sauran ƙasashe fim ɗin ya ƙare ne allo ya yi baƙi, an ji ƙarar bindiga, ba a san wa aka harba ba. A Malesiya sai aka ƙara rubutu cewa Kabali ya miƙa kansa ga 'yan sanda.

Mutum ya shafe sama da awa biyu yana kallon dattijo cikin kwat yana kashe abokan gaba ɗaya bayan ɗaya, jama'a na tafi da fito, sannan a ce layi ɗaya na rubutu zai wanke masa ido. Da wuya a sami wanda ya yarda da haka, har cikin masu tacewar. Amfanin layin shi ne ya ba hukuma abin nunawa idan an tambaye ta.

Ko wannan ikon ma intanet ta rage shi. Kimanin wata guda kafin KL Gangster 2 ya shiga sinima, an sace shi an watsa a intanet da faya-fayen bayan fage. Kamfanin ya tafka asara, masu kallo kuma sun gani ba tare da wani ya tambayi shekarunsu a ƙofa ba.

Kano

Hukumar tace fina-finai ta Kano ta zaɓi hanyar da ta fi ta Malesiya tsauri. A 2021, zamanin Isma'il Na'abba Afakallah, ta hana fina-finan da ke nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya. A 2024, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta haramta masu nuna daba da daudu. A tsakanin nan shirin A Duniya na Tijjani Asase ya tara ɗimbin masu kallo a YouTube, ya kuma sha suka irin wadda KL Gangster ya sha: masu shi na cewa faɗakarwa suke yi, masu suka na cewa yara sun ɗauki sara da kirari sun bar faɗakarwar.

Ba za a ce fargabar mutanen Kano ba ta da tushe ba. Wanda aka tare da wuƙa a kan waya, ko aka rufe unguwarsu saboda faɗan daba, ba ya buƙatar a yi masa bayanin fasaha. Amma a nan ma daba ta riga fim. Tana da saiwa a farauta da tauri da bangar siyasa tun zamanin NEPU da NPC a shekarun 1950, alhali Turmin Danya, wanda ake ɗauka a matsayin fim ɗin Kannywood na farko, a 1990 ya fito.

A Legas rigimar ta ɗauki wani salo. Lokacin da Gangs of Lagos na Jade Osiberu ya fito a Prime Video a 2023, abin da ya fusata 'yan asalin Isale Eko har suka garzaya kotu shi ne yadda aka nuna makasa sanye da kayan dodon Eyo. Abin da fim ɗin ya faɗa ƙarara, cewa 'yan siyasa ne ke kiwon 'yan daba, bai jawo ƙara ba.

Haramcin Kano, yadda aka tsara shi, bai bambanta fim irin KL Gangster da irin Jagat ba, domin dukansu suna nuna daba. Furodusan da ke son ya nuna yaron da aka kora daga makaranta, da wanda ya fara ba shi ƙwaya, da wanda ya yi belinsa ana gobe zaɓe, yana ƙarƙashin hukunci ɗaya da wanda ke son nuna ƙyallin adda kawai. Na farkon, mai neman lasisi da gidan talabijin, shi ne zai ja da baya. Na biyun waya da tashar YouTube sun ishe shi, kuma yana iya tsallakawa Kaduna ko Jos ya ɗauka.

Shi kuwa Syamsul Yusof ya ci gaba da karya tarihin kasuwa. A 2022 fim ɗinsa Mat Kilau, kan wani mayaƙin Malay da ya yi wa Turawan mulkin mallaka tawaye, ya tara sama da ringgit miliyan 90. Sara da suka a cikinsa ba su gaza na KL Gangster ba, amma sukar da ya sha ta fi karkata ga yadda ya nuna 'yan China da mabiya addinin Sikh a matsayin miyagu.