Tausayin da Ke Riƙe da Allura

A watan Fabrairun 2015 Kotun Ƙolin Kanada ta yanke hukuncin cewa hana likita taimaka wa marar lafiya ya mutu tauye haƙƙin ɗan ƙasa ne. A watan Yunin 2016 majalisa ta kafa doka, tare da alkawarin cewa ƙofar ƙarama ce, babu mai bi ta cikinta sai baligi mai hankali, wanda ciwonsa ya gagari magani kuma ajalinsa ya gabato. A wannan shekarar mutum 1,018 suka bi ta ƙofar. A 2023 sun kai 15,343, kusan ɗaya cikin kowane mamaci ashirin a faɗin ƙasar. Masu goyon bayan dokar suna kiran wannan 'yancin zaɓi. Ni kuwa ina ganin al'ummar da ta sauƙaƙa wa mai rauni hanyar kabari fiye da hanyar jinya ta riga ta yi masa zaɓin, sa hannunsa kawai take jira.

Ƙaramar ƙofar ba ta daɗe a ƙaramarta ba. A 2019 wata kotu a lardin Kebek ta soke sharaɗin gabatowar ajali, a watan Maris na 2021 kuma majalisa ta cire shi daga doka. Tun daga ranar, naƙasasshen da watakila yana da shekara talatin a gabansa zai iya neman allurar. Masu ciwon ƙwaƙwalwa zalla su ne ke kan layi. An ɗage ranar shigar da su sau biyu, zuwa Maris na 2027, kuma dalilin da gwamnati ta bayar shi ne asibitoci ba su gama shiri ba. Ba ta ce abin ba daidai ba ne. Beljiyam ma ta fara da manya a 2002, a 2014 ta cire iyakar shekaru.

Ba na raina hujjar waɗanda suke ɓangaren can. Duk wanda ya taɓa yin jinyar mai ciwon daji ya san akwai daren da addu'ar samun sauƙi takan koma addu'ar cikawa da wuri. Gaskiya ne kuma mafi yawan waɗanda aka yi wa allurar a Kanada tsofaffi ne da ke gab da tafiya. Sai dai rahoton da gwamnatin kanta ta fitar kan shekarar 2023 ya faɗi abin da ya kamata ya hana mai imani barci. Da aka tambayi mutanen irin wahalar da ta kai su ga neman mutuwa, kusan rabinsu sun ambaci cewa sun zama kaya a kan iyali da masu kula da su. Cikin waɗanda ajalinsu bai gabato ba, kusan rabi sun ambaci kaɗaici.

Mai karatu ya tsaya a kan wannan. Ba a cikin jini ko ƙashi ake samun jin cewa an zama kaya ba. Marar lafiya yana karanta shi ne a fuskar 'yarsa da ta gaji, da ajiyar zuciyar ɗansa a gaban takardar kuɗin magani, da wayar da ta daina ƙara. Maganin kaɗaici mutum ne da zai zo ya zauna a bakin gado. Idan tsohuwa ta ce wa likita ta zama nauyi, shi kuma ya ciro takardar cikewa, ya gaskata mummunan zaton da take yi wa kanta ke nan.

Akwai kuma maganar kuɗi, wadda ba a son a taɓo. A watan Oktoban 2020 ofishin da ke yi wa majalisar Kanada lissafin kasafi ya ƙiyasta cewa dokar, haɗe da faɗaɗawar da ake shirin yi mata, za ta rage kuɗin kiwon lafiya da dalar Kanada miliyan 149 a shekara guda. Ban ce wani ya kashe wani don ya tara wa baitulmali ba. Amma hukumar da ta san allura ta fi gadon asibiti araha ba ta buƙatar mugun nufi kafin ta karkata. Tallafin da gwamnatin tarayya ta fara biyan naƙasassu a 2025 bai wuce dala 200 a wata ba. A 2022 ma'aikatar tsofaffin sojoji ta amsa cewa wani ma'aikacinta ya ɗauko wa tsofaffin sojoji huɗu zancen allurar alhali taimako suka zo nema. A 2025 kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da haƙƙin naƙasassu ya nemi Kanada ta soke faɗaɗawar 2021.

Za a ce to, a bar mutum yana shan azaba a jikin na'ura? Babu mai hankalin da ya ce haka. Malaman Musulunci da na Kirista da dama sun yarda a dakatar da maganin da ya daina amfani, a kuma ba da mai kashe zafi gwargwadon buƙata. Barin ajali ya zo daban, aika masa goron gayyata daban. A na farko likita yana nan a matsayin wanda majinyaci ke miƙa wa hannu ba tare da ya tambayi abin da ke cikin sirinji ba. A na biyu wannan amana ta tsage, kuma wanda zai fara jin sanyin tsagewar shi ne talakan da ba shi da mai tsaya masa.

A watan Yunin 2025 majalisar wakilan Birtaniya ta amince da nata ƙudurin da ƙuri'a 314, masu adawa 291. An tabbatar wa 'yan majalisar cewa ƙofar ƙarama ce, ta baligin da bai fi wata shida ya rage masa ba. Irin alkawarin da aka yi wa mutanen Kanada ke nan a 2016, kuma bai cika shekara biyar ba.