Kunu Ba Ya Tsami Banza

A Karaye da Rogo yanzu da katan ake auna girman biki. In an tashi daga ɗaurin aure ko suna, ba ka jin ana cewa wance ce ta dama kunun, sai dai a ce katan nawa na lemo aka sauke, nawa na maltina. Gidan da ya fito da randar kunun zaƙi ko bokitin zoɓo kuwa, kafin magariba labari ya zaga gari cewa mai gida ya karye. Mun mayar da abin shan da iyayenmu mata suka gwanance a kai alamar talauci, kuma wannan raini yana ci mana kuɗi, yana ci mana lafiya, yana kashe wani ilimi da ba mu da irinsa a rubuce.

Mu dubi ƙasar da ake wannan abu a cikinta. Daga Yammedi zuwa Turawa, daga Zarewa zuwa Fulatan, dawa ce da gero da masara da rake, ga tsamiya a gonaki, ga zoɓo a bakin kunya. Tun 1992 madatsar ruwan Challawa take zaune a ƙasar Karaye. Kogin da aka datse a nan shi ne ya ba da suna ga unguwar masana'antu ta Challawa a Kano, inda ake ɗura ruwa da sukari a kwalba a dawo mana da shi a mota, mu biya muna godiya. A kwalba ɗaya ta lemo mai santilita 35 akwai sukari wajen giram 35 ko fiye, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa kada abin da babban mutum yake sha a yini ya wuce kimanin giram 50. Kwalba biyu a wajen biki, an riga an zarce. Har gwamnatin tarayya sai da ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan lemuka a dokar kuɗi ta 2021, mu kuwa muna miƙa wa yaron goye.

Zancen maltina ya fi ban takaici. A 1988 gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje, shi ya sa kamfanonin giya da na lemon malt suka koma wa dawa. Tun daga lokacin dillalai suke bin kasuwannin hatsi irin su Dawanau suna lodin dawar Arewa zuwa masana'antu. Me ake yi da ita a can? A jiƙa ta, a bar ta ta tsira, a busar, a niƙa, a dafa. Wato daidai abin da tsohuwa take yi a bayan ɗakinta da buhu da yayyafin ruwa. Mun sayar da dawa a kwano, mun sayo ruwanta a gwangwani, sannan muna yi wa mai tsiro kallon baƙauya.

Tsiro kimiyya ce, ko mai yin sa ba ta taɓa shiga aji ba. Idan ƙwayar hatsi ta jiƙa ta fara tsira, tana sakin wani sinadari da ke narkar da sitaci ya koma sukari. Shi ya sa gwanar kunun zaƙi take raba ƙullunta biyu: ta dama kashi ɗaya da tafasasshen ruwa, ta jira ya huce daidai, sannan ta zuba ɗanyen kashin da aka niƙa da tsiron shinkafa ko na dawa ko busasshen dankali. In ta zuba da zafi sosai, sinadarin ya mutu, kunu ya ƙi tsinkewa. In ta dace, kafin asuba kaurin ya saki, zaƙi ya fito ba tare da cokalin sukari ba. Ɗan tsamin da ke biyo baya aikin wasu ƙananan halittu ne irin masu mayar da madara nono. Ita ba ta da ma'aunin zafi, bayan hannunta ne ma'auni. Abin da ake koyarwa a sashen kimiyyar abinci na jami'a da allo da alli, ita ta haddace shi da yatsa da harshe. Idan ta rasu ba ta koya wa kowa ba, ya bi ta kabari.

A wasu ƙasashe an yi wa irin wannan ilimi gata, kuma hanyar da suka bi ce ta dame mu, ko da abin da suke sha ba namu ba ne. A 1971, wasu 'yan Ingila huɗu suka kafa ƙungiyar CAMRA don kare giyar gargajiya daga manyan kamfanoni da suka mayar da komai ɗanɗano ɗaya. A Amurka, a 1978, Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta wa mutum dafa giyarsa a gida, a shekarar kuma Charlie Papazian da abokinsa suka kafa ƙungiyar masu haɗin gida a jihar Kolorado. A lokacin masana'antun giya a ƙasar ba su kai 100 ba, yau sun haura 9,000, yawancinsu ƙanana. Ba sihiri suka yi ba. Suna taruwa, kowa ya kawo nasa, na hatsi ne ko na tuffa, a ɗanɗana, a gaya wa mutum gaskiya ido da ido, a rubuta awo da kwanaki da zafi, a raba wa kowa. Mu da muke rubuta manhaja mun san wannan ɗabi'a, domin sana'armu ta aro ta har da sunan: ƙungiyar Homebrew Computer Club, wadda aka fara a Kalifoniya a 1975, ma'anar sunanta masu haɗa kwamfuta a gida, kuma a gabanta Steve Wozniak ya nuna kwamfutar Apple ta farko. Abin da aka buɗe wa jama'a suka duba suka gyara, shi ne yake girma.

To, an ambaci giya, mun san wasu sun fara gyara zama. Mu faɗa a fili: giya haramun ce ga Musulmi, Kano tana ƙarƙashin shari'a tun 2000, kuma ba wanda muke kira ya kusance ta. Amma ƙarya ce mu yi kamar ba mu san cewa a ƙauyukan Rogo da Karaye akwai Maguzawa ba, Hausawa 'yan uwanmu, waɗanda wasunsu suka musulunta, wasu suka zama Kirista, kuma matansu sun daɗe da sanin dafa burkutu don gayya da biki da makoki. Joseph Greenberg, Ba'amurken da ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930, ya fitar da littafi a kansu a 1946. Baƙo ya zo daga wata uwa duniya ya rubuta rayuwar maƙwabtanmu, mu kuma abin da muka tanadar musu shi ne habaici. Manomin da ya sayar wa dillalin kamfanin giya tirela guda ta dawa ana kiransa Alhaji a ba shi tabarma, matar da ta jiƙa kwano biyar ita ce abar tofin Allah tsine. Wannan ba kishin addini ba ne, ƙarfi ne yake zaɓar wanda zai taka.

Har ma don tsare addinin, sanin yadda abu yake tsami wajibi ne. Burkutu da kunun zaƙi daga tsiro ɗaya suke farawa. Inda suka rabu shi ne lokaci da yis: in aka bar ruwa mai zaƙi ya kwana ya sake kwana a zafi, yis ɗin da ke iska da jikin tukunya zai cinye sukarin ya haifar da abin maye. A Sahihu Muslim an ruwaito cewa ana jiƙa wa Manzon Allah (SAW) zabibi a ruwa, ya sha har zuwa yammacin kwana na uku, abin da ya rage a bayar ko a zubar. Wato akwai iyaka, kuma sai mai ilimi ne zai gane ta. Yarinyar da take tallan kunun jiya cikin gorar roba da ta kumbura a ranar bazara, wa ya koya mata abin da kumburin yake nufi? Wanda ya hana a yi zancen tsami gaba ɗaya bai kare ta daga haram ba, ya bar ta cikin duhu ne kawai.

Sai 'yan boko masu yatsina, masu cewa abin shan gida ƙazanta ne, kwalba ce tsafta. Ba mu musa cewa akwai mai dama kunu da ruwan da ba a tafasa ba, akwai mai ɗurawa a gorar da aka tsinto a bola. Amma mu tuna abin da ya faru a Kano a watan Maris na 2021, gab da azumi. Ɗaruruwan mutane suka kwanta asibiti suna fitsarin jini, aƙalla 10 suka rasu, bayan sun sha lemon da aka haɗa da garin ɗanɗano da wani abu da aka sayar da sunan ɗan tsami. Da hukumar NAFDAC ta gwada, ta ce ba ɗan tsami ba ne, wani sinadarin masana'antu ne mai guba. Tsamiyar bishiya ba ta kashe kowa ba a wannan shekara. Abin da ya kashe mutane shi ne farin gari a buhu, wanda aka rungume shi saboda ya fi jiƙa tsamiya sauƙi kuma ya fi kama da abin kanti. Maganin ƙazanta koyarwa ne da sa ido, kuma ba a koyar da sana'ar da aka raina.

Wasu kuma sun ɗauki abin da muka yar suna cin arziki da shi. A Balensiya ta ƙasar Sifen, kunun aya abin alfahari ne, suna kiransa horchata, ayar yankin tana da hatimin hukuma mai kare sunanta, kuma da ba ta ishe su ba suna sayo ƙari daga Nijar da Mali da Burkina Faso. Zoɓon Jigawa da Kano ana loda shi a kwantena zuwa Meziko, inda ake shan sa a gidajen abinci ba tare da jin kunya ba. A Senegal baƙo na ƙwarai ake tara da bisap, wanda zoɓo ne tsantsa. Mu ne kaɗai muke ɓoye namu a kicin idan surukai sun zo.

Masu sana'ar ma suna da nasu laifin, wato ɓoyo. Tambayi gwanar zoɓo abin da take sawa, za ta ce kayan ƙamshi ne kawai, ta kawar da kai. Tana tsoron kishiya, tana tsoron maƙwabciya ta ƙwace mata kasuwa. Tsoron yana da dalili, amma ba maƙwabciya ce ta ƙwace kasuwar ba, motar lemo ce. Yayin da mata goma suke ɓoye wa juna awon citta da kanumfari, firjin mai shago ya cika da kwalabe.

Abin da muke nema ba ya buƙatar kasafin gwamnati. Tun 2024 masarautar Karaye ta ƙunshi Karaye da Rogo, kuma fada ta san yadda ake tara jama'a. A kaka, bayan hatsi ya shigo gida, a ware yini ɗaya mata su kawo kunun zaƙi da na aya da na gyaɗa da na tsamiya da zoɓo da fura, a zauna a ɗanɗana, a faɗi na wa ya fi da dalilin da ya sa ya fi, a ba da kyauta, a kira sunan mace a lasifika kamar yadda ake kiran na ɗan dambe. A gayyaci matan Maguzawa su nuna yadda ake tsiro mai kyau wanda bai yi funfuna ba, domin a wannan fanni malamai ne. Malaman kimiyya na sakandare su zo da ma'aunin zafi, malaman lafiya su yi bayanin tafasa ruwa da wanke gora. Mu masu waya kuma mu daina ɗaukar hoton kofin shayin otal, mu zauna gaban kakanninmu mu naɗi muryarsu, mu rubuta kwano nawa, awa nawa, wane irin gero, mu zuba a intanet da Hausa tare da sunan mai shi in ta yarda.

Kafin nan akwai abin da kowane mai gida zai iya yi ba tare da jiran kowa ba. Kuɗin katan goma na lemo, a miƙa rabinsa ga matar unguwa da aka san hannunta, ta dama kunu da ruwa mai tsafta da safiyar biki, a zuba a kofuna masu kyau, a fara miƙa wa manyan baƙi. In wani ya yatsina fuska ya tambayi ina maltina, a gaya masa dawar da ke cikinta daga gonar bayan gari ta fito, kuma ga ta nan a kofinsa ba ta sha wahalar tafiya ba.