Ƙashi Da Haske Kafin Kwalliya

Fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya, wanda ya ci kyautar Oscar a 2025, babu magana ko ɗaya a cikinsa. Motsin kyanwa da haske ne ke ba da labarin. Da Blender aka yi shi, manhajar da ake samu kyauta, saboda haka tsada ta daina zama hujja.

Gaggawa ce ke ka da ɗalibai. Sukan sassaƙa siffa a kwamfuta, su yi mata ado, amma su yi wa ƙasusuwa da gaɓoɓinta riƙon sakainar kashi, har gwiwar hannu ta riƙa lanƙwashewa kamar roba. Lalle ne malamai su riƙa ba da maki ga tafiyar siffa da wurin da aka kafa fitila, kafin su dubi tufafinta.