Kafin ruwa ya iso ƙofar gidanku, wa ke duba na'urar bakin kogi?

Duk damina labarin ɗaya ne. Ka buɗe Facebook ko TikTok, ka ga gidaje tsundum cikin ruwa, ka rubuta "Allah Ya kiyaye gaba", ka wuce. A 2022 ambaliya ta kashe mutum sama da 600 a Najeriya. A Satumbar 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri cikin dare. Amma ka taɓa tambayar kanka ta yaya hukuma ke sanin kogi ya fara cika?

Akwai wata 'yar na'ura da ake girkawa a bakin kogi ko a jikin gada. Tana auna tsayin ruwa, ko dai da rada daga sama, ko da ma'aunin da ake nutsarwa ƙasan ruwan. Wani ƙaramin akwati ya adana lambobin, sannan ya tura su ofis ta layin waya ko tauraron ɗan'adam. Rayuwarta kuwa na hannun abu uku: faifan sola, batir da eriya.

Awon tsayin ruwa shi ne jarin hukumar NIHSA a kogunan Neja da Binuwai, haka ma Hukumar Raya Kogin Neja mai hedikwata a Yamai, wadda ta haɗa ƙasashe 9. In Kamaru ta saki ruwa daga madatsar Lagdo, sai ya yi kwanaki kafin ya ratsa Yola da Makurɗi ya kai Lokoja. Kwanakin nan fa su ne damar kwashe yara da tsofaffi da hatsi.

To ina gizo ke saƙa? Sayen na'ura ba wuya, a yi taro, a ɗauki hoto, a watse. Kulawa ce aikin. Ƙurar hunturu ta lulluɓe sola, batir ya yi sanyi, saƙo ya tsaya, don lokacin aikawa ne na'urar ta fi jan wuta. Laka ta toshe ma'aunin, ya riƙa ba da lambar ƙarya. Ruwa ya shiga mahaɗar wayar eriya ta yi tsatsa. Ga tsawa, ga masu kwance sola da batir su kai kasuwa. Abin tsoron shi ne tashar da ta mutu ba ta ihu. Shiru kawai za ta yi, wanda bai lura ba ya ɗauka lafiya lau.

Gyaran kuma ba tsafi ba ne. Ka fara gwada batir da mita, ka goge sola, ka bi waya har kan eriya. Daga nan ka gwama lambar na'ura da ta sandar awo da aka kafa cikin ruwa. In sun saɓa, sai a sake saita ta. Wanda ya iya haɗa sola ko gyaran waya a unguwarku zai iya koyon wannan, in aka horar da shi aka biya shi.

Saboda haka, maimakon ka jira bidiyon ambaliya, yi amfani da datarka yanzu. Tambayi ɗan majalisarku a fili: akwai tashar awo a koginmu? Yaushe rabon da a duba ta? Nawa aka ware don kula da ita, ba don saye kawai ba? Tun ran gini ran zane.

Kuma don Allah, in aka kawo maka sola da batir a araha ba rasit, ka tambayi inda aka kwanto su. Wataƙila gargaɗin unguwarku ne ake sayar maka.